Zauren Ƙaramin Jirgi: Titin Kaduna a Kan Tebur

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun fi na kullum yawa, kuma kusan duk kukansu ɗaya, kuɗi. Waɗanda suka yi tambaya a kan gyaran inji su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba. Yau titi za mu yi, da abin da ke gefensa.

TAMBAYA: Baba, kawuna ya dawo daga Jamus ya kawo mini tsohon ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, kai ɗaya da tarago uku da layinsa. A jikin kwalin an rubuta HO. Na duba farashin 'yan gidajen da ake jerawa a gefen layi a intanet, na ga kuɗin guda ɗaya da na kawowa ya fi kuɗin abincina na wata. Ta ina zan fara? — Wani ɗalibi, Tudun Wada

AMSA: Ɗana, ka gode wa Allah da kuɗin bai kai ba. Da ya kai, da yanzu ka sayo gidajen Jamus masu tsinin rufi irin na ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba, ka jera su a ɗakinka na Tudun Wada, jirgi yana ratsa garin da ba ka taɓa takawa ba. Ni ma na taɓa yin wannan kwaɗayin. Gida guda na saya, yana nan cikin loka har yau, don bai taɓa zama lafiya da maƙwabtansa ba.

Fara da haruffan nan biyu na jikin kwali. HO na nufin an raba komai gida 87 an ɗauki ɗaya. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai dawo kusan milimita 20, wajen rabin ƙwayar ashana ke nan. Da yake maginan garin nan da ƙafa suke awo, ga hanya mafi sauƙi: kowace ƙafa ɗaya milimita uku da rabi ce. Ƙofar ɗaki mai ƙafa bakwai, milimita 24 da rabi. Shago mai ƙafa goma sha biyu, milimita 42. Kwantena mai ƙafa ashirin irin wadda ake mayarwa shago, milimita 70. Rubuta wannan ka liƙa a bango kusa da teburinka. Ka kuma yanki ɗan sillen kwali mai tsawon milimita 20, ka riƙa tsayar da shi a gaban duk abin da ka gina. In ya fi ƙofa tsawo, ko benci ya kai masa ƙirji, ka san an yi ɓatan lissafi.

Bari in ɗan ratse, don mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a Kaduna Junction ya ƙare aikinsa, kuma da yana raye ba zai bar ni in tsallake wannan ba. Faɗin layin da kawunka ya kawo milimita 16.5 ne. Ninka shi sau 87, za ka samu kusan 1,435, wato faɗin sabon layin Rigasa zuwa Idu da aka buɗe a 2016. Amma tsohon dogo, wanda ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, wanda yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka baro Zungeru suka dawo da hedikwata nan a 1917, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067. Raba wannan gida 64, sai ga 16.7. Ka ga ke nan layin da ke hannunka, in aka gina komai a ɗaya bisa 64, ya zama tsohon dogonmu kusan cif. Haka masu wannan sha'awa suke yi a Niyu Zilan, don layinsu faɗinsa ɗaya da namu. Ga kuma ƙarin riba: 'yan motocin ƙarfe na yara irin su Hot Wheels da ake zubawa a gwanjo, yawancinsu kusa da wannan ma'aunin suke. Ni a 64 nake aiki, amma sai da na cire gangar jikin taragu na ƙera wasu a kan ƙafafun. Kai da kake farawa tsaya a 87, kuma kar ka haɗa ma'auni biyu a tebur ɗaya.

Kafin ka taɓa reza, ɗauki tef da littafi ka fita. Zaɓi guntun titi guda wanda bai wuce taku sittin ba, wannan zai ci maka kusan rabin mita a tebur. Tsaya ka kalle shi kamar yau ka sauka a garin. Za ka ga shagunan ba a sahu ɗaya suke ba, wani ya ci gaba da taku biyu, wani ya noƙe. Rumfar mai kayan miya ta jingina da katangar wani. Dakalin ƙofar gida ya lotsa a tsakiya inda ake zama. Mai shayi ya ɗaure tamfol ɗinsa a jikin falwaya. Inda tef ba ya kaiwa, ƙirga sahun bulo, sahu huɗu da simintinsu kusan mita ɗaya ne. Ka gaisa da masu shaguna ka faɗa musu abin da ya kawo ka, in ba haka ba a ɗauke ka ɗan rusau. An taɓa tara mini jama'a a Kakuri a kan haka, ina riƙe da tef kamar ɓarawon da aka kama da akuya, sai da wani dattijo da ya san mahaifina ya sa baki. Kuma kar ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto a tasha ba da izini ba. Tun harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 jami'an tsaro ba sa wasa, da gaskiyarsu kuwa.

Kayan gini suna kwandon shara. Kwalin magani da na man goge baki siriri ne mai ƙarfi, shi ne fuskar gini. Kwalin taliya mai kauri shi ne ƙashin ciki. Zana bangon a bayan kwalin, inda ba ya sheƙi, ka huda ƙofa da taga tun bangon yana jikin babban kwali, domin in ka fara yanko bangon gefen taga zai yage. Sabuwar reza, rula ta ƙarfe, ka ja sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Manna siririn a kan mai kaurin yadda taga za ta shige ciki kaɗan, zurfin nan shi ke raba gini da zane. Kusurwoyi ka tallafe su ta ciki da ashana. Filasta kuwa, zuba ɗan tankaɗaɗɗiyar turɓaya a fentin ruwa irin na bango, ka dangwala da tsohon buroshin haƙori, kar ka shafa. Yi wa cikin fenti shi ma, in ba haka ba hunturu zai nannaɗe maka bango kamar fatar layya da aka manta a rana.

Saura abin da kusan kowa ke mantawa. Duba gindin katangu a Kaduna, daga ƙasa zuwa gwiwa ja ne, saboda fallatsin ruwan damina a kan jar ƙasa. A teburinka milimita biyar ne ko shida. Dama ƙasa ta yi ruwa-ruwa, ka shafa a gindin bango, ka goge samanta da yatsa. Ranar da na fara yin haka uwargida ta leƙo ta ce, "Au, wannan ai shagon mai niƙa ne na bayan layinmu." Kafin nan ta shekara biyu tana wuce teburin ba ta taɓa gane ko gini ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam, na ɓare kwalin taliya na yi rufi da cikinsa mai tudu da kwari, amma da na ɗora sai ya yi kama da kunyar dankali. Ni da nake buga rufin gaske kullum, ƙaramin ya gagare ni. — Wani kafinta, Unguwar Mu'azu

AMSA: Ƙanena, idonka bai yi ƙarya ba. Tsakanin tudu da tudu a cikin kwali milimita shida ne zuwa takwas. Ninka sau 87, ya haura rabin mita, kunyar dankali ce kuwa. Kwanon da kake bugawa inci uku ne tsakanin tudu biyu, a ma'aunin HO bai cika milimita ɗaya ba.

Nemi farar takardar alminiyam da ake like bakin gwangwanin madarar gari da ita, ta fi ta naɗe kifi kauri. Shafe ta da bayan cokali ta miƙe. Sai ka je wurin bakanike ka ce ya ba ka dogon bol na sifana goma, zarensa milimita ɗaya ne daidai. Shimfiɗa takardar a kan tsohon tub na taya, ka ɗora bol ɗin, ka danna da guntun katako ka mirgina sau ɗaya, kar ka dawo baya. Ɗaga ka gani. Mai aiki a 64 ya nemi na sifana sha biyu ko sha uku, wanda zarensa milimita ɗaya da kwata ne.

Kar ka rufe ɗaki da falle ɗaya. Yanka su ɗai-ɗai da almakashi, tsawon milimita 21 ga kwano mai ƙafa shida, faɗi wajen takwas, ka ɗora daga ƙasa zuwa sama, na sama ya hau na ƙasa. Ka fi ni sanin wannan. Abin da zan roƙe ka shi ne ka ajiye gwanintarka a gefe: bar falle ɗaya ya karkace, wani bakinsa ya ɗaga, ka ɗora 'yan duwatsu biyu da tsohuwar taya a kai irin na gidan da iskar farkon damina ta taɓa yi wa ɓarna. Fara shafa fenti toka-toka marar sheƙi. Tsatsa kuwa ta gaske ta fi: jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya, irin mai laushin nan da ke yin ja, ka bar shi mako guda ya ruɓe, ka murtsuke, ka kwaɓa da ruwan gam. Ja ta daga sama zuwa ƙasa bin hanyar ruwa, ta fi yawa a bakin kwano da wurin ƙusa. Kowane falle da nasa shekarun, ka bar guda ɗaya sabo fil a tsakiya, wanda maigida ya sauya bara.

TAMBAYA: Baba, na yi wa titina baƙin fenti, ya fito kamar allon aji. Ƙasar gefen kuma da na barbaɗa duk ta bi iska. — Ɗalibar zanen gine-gine, Barnawa

AMSA: 'Yata, babu baƙar kwalta a Kaduna sai makon da aka zuba ta. Tsaya a Ahmadu Bello Way da tsakar rana ki duba. Toka-toka ce, tsakiyar hannu ta ɗan yi duhu inda mai ke ɗiga, gefe kuma ƙura ta mayar da ita ja-ja. Samo samfefa mai laushi, lamba 400 ko sama, wadda masu fentin mota suka gama da ita suka yar. Tsohuwa ta fi sabuwa, don ta riga ta koɗe ba daidai ba. Hannu ɗaya na babban titi milimita 40 ne, layin unguwa kuwa gaba ɗayansa 60 zuwa 70 ya isa. Kada ki yanka gefen da reza, yaga shi da hannu, haka ruwa ke cin kwalta. Rami ki huda ki cika da ƙasa da 'yan ɓaraguzan bulo, kamar yadda samarin unguwa ke yi su tsaya karɓar na goro.

Ƙasa ki ɗebo ta gaske. Soya ta a tsohon kasko don ƙwan ƙwari da irin ciyawa su mutu, ki tankaɗe da rariyar shayi, wadda ta wuce ki sake tacewa da tsohon gyale. Sannan ki ja maganaɗisu a ciki, na matacciyar sifika ya isa. Za ki ga baƙin gari ya manne masa. In kika bar wannan garin injin jirgi ne zai janye shi, don shi ma da maganaɗisu a cikinsa, kuma daga nan sai ki rubuto mini wasiƙar gyaran inji. Barbaɗa ƙasar a bushe, ki gyara da buroshi, ki fesa ruwa mai ɗigon sabulu sama-sama har ta jiƙe. Sai ki sirka farin gam, kashi ɗaya gam kashi biyu ruwa, ki riƙa ɗigawa da sirinji marar allura. Wurin zai yi fari kamar nono ya zube. Kar ki tsorata, kar ki taɓa. Da hunturu kwana ɗaya ya isa, cikin Agusta ki ba shi uku. In ta bushe za ta fi yadda kika ɗebo ta duhu, sai ki shafa busasshiyar ƙura a kai da yatsa.

Ba ki tambayi kwata ba, amma titin unguwa ba ya cika sai da ita. Lanƙwasa siririn kwali ya yi kwari, faɗin milimita bakwai, ki nutsa shi a gefen titi. Rufe wani wuri da 'yan silab na kwali, guda ya tsage, guda babu shi an ɗora katako. Ƙasan ki yi masa fenti kore mai duhu sosai, ki bi da man farce marar launi sau biyu ya yi ƙyalli. Ki yayyanka ledar fiya wata da baƙar leda mitsi-mitsi ki watsa kafin ya bushe, su taru a bakin kwalbati. Malamanki za su ce ki share su daga zanen jarrabawa, ki yi musu biyayya a can.

TAMBAYA: Kawu, farin gam ya yi tsada. Kakata ta ce su da sitaci ko ƙaro suke manna takarda. Zai yi? — Ɗan sakandare, Rigasa

AMSA: Zai yi, kuma kyankyasai za su sa maka albarka. Shekarar da na yi ritaya na gina jerin shaguna tara da sitaci, na tafi Zariya biki na kwana huɗu. Na dawo na tarar an cinye allunan shagunan tas, an bi duk inda sitaci ya taɓa an gwaigwaye, an bar mini 'yan baƙaƙen kashi a kan dakali a matsayin tukuici. Kakarka ba ta yi ƙarya ba, sai dai takardar da take mannawa ba a nemi ta shekara goma ba. Ƙaro ya fi sitaci, amma danshin damina na sake shi.

Ɗauki ƙaramar kwalba ka je wurin kafinta, ka gaishe shi da kyau, ya sam maka farin gam irin su Top Bond daga babban bokitinsa. Cikin murfin kwalba biyu ya gina shago. Sholisho ka nisanta shi da farin kumfan nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, nan take yake narkar da shi, ga shi warinsa ba abin da yaro zai zauna da shi a rufaffen ɗaki ba ne. Supa gulu na ƙarfe da waya ne. In ya kusanci robar da ka yi gilashin taga da ita, sai ta yi farin hazo da ba ya goguwa.

TAMBAYA: Malam, ina sha'awar abin nan, jikokina ma haka, amma zuciyata ba ta kwanta da ajiye 'yan mutum-mutumi a gida ba. Titi kuma in babu mutane ai kufai ne. — Wani dattijo, Unguwar Sarki

AMSA: Ranka ya daɗe, hukuncin na malamai ne, malamin da kake ɗaukar karatu a gabansa ya fi wannan shafi cancantar amsawa. Nawa shi ne in faɗa maka yadda na yi da teburina, don babu mutum ko ɗaya a kansa, kuma ba wanda ya taɓa kiransa kufai.

Na tsayar da lokacin titina a daidai an tayar da sallar la'asar. A ƙofar masallacin unguwa akwai takalma ashirin da 'yan kai, kowane ɗaya milimita huɗu, na yanko su daga tub na keke. Wasu a jere, wasu ɗaya ya hau ɗaya can gefe, irin na wanda ya zo a guje don kar raka'a ta wuce shi. Butoci shida a bakin kwata, na yi su da 'yan duwatsun ado na tsohon abin wuyan uwargida, bakinsu guntuwar waya, ƙasan wurin na ɗiga banish ya yi duhu kamar yanzu aka gama alwala. Mai shayi ya gicciye benci a ƙofar rumfa. Mai lemo ya rufe tirensa da buhu. Keke Napep biyu sun faka a karkace, ga baron mai rake da wuƙarsa a kai. Jirgi ya zo ya wuce, ba mai ɗaga masa hannu, kowa kuma ya san dalili. Takalman nan sun ci mini dare uku, biyu daga ciki sun faɗi ƙasa har yau ban gan su ba. Ka ba jikokinka wannan aikin, idonsu ya fi namu.

TAMBAYA: Yarona mai shekara goma sha ɗaya ya cika mini ɗaki da kwali da gwangwani, jiya har ya kwance wayar tsohuwar fanka wai zai yi bishiya. In hana shi? — Maman yara huɗu, Badarawa

AMSA: Hajiya, in dai fankar ta riga ta mutu, ki ƙyale shi. Mu da motar kara da ta langa-langa muka fara, iyayenmu ma haka suka yi ta faɗa. Ba shi kwali guda babba ya zama ma'ajiyarsa, abin da ya kwana a waje ki share. Reza kuwa sai da babba a kusa, almakashi ya ishe shi yanzu.

Ki faɗa masa inji ni: ya yanki wayar kamar sili talatin, ya murɗe su tare su zama gindi, ya riƙa rarraba su biyu-biyu uku-uku zuwa sama su zama rassa. Ya shafe gindin da gam da garin katako. Ganye kuwa ya samo guntun soson katifa, ya tsoma a koren fenti mai ɗan duhu, ya matse, in ya bushe ya goga a jikin abin goga kuɓewa, ya barbaɗa a kan rassan da ya shafa wa gam. Kuma ya yi ta babba. Darbejiya mai mita goma sha biyu santimita 14 ce a HO, ta ninka shago sau uku ko huɗu. Masu farawa kullum ƙanƙantar da bishiya suke yi. In yana son ya san tsawon mangwaron gidanku a tebur, dole ya raba da 87, ki bar shi ya yi da fensir.

TAMBAYA: Na sa ƙwan tocila a cikin shago na haɗa da cajar waya, ya yi haske sau ɗaya ya mutu. — Mai gyaran babur, Kawo

AMSA: Caja wuta mai ƙarfin volt biyar take bayarwa, ƙwan tocila kuwa, farin LED, wajen uku yake so, shi ya sa ya ƙone. Je wurin mai gyaran rediyo ya ba ka rasisto, ɗan abin nan da ke rage ƙarfin wuta, mai om 1,000, ka sa wa kowane ƙwai nasa. Hasken zai yi rauni, haka ake so, shagon unguwa ne ba filin wasa na Ahmadu Bello ba. Ka yi wa cikin bangon baƙin fenti don kar haske ya ratso kwali, kuma kar ka haska duka layin. Shago biyu masu janareta, saura duhu.

TAMBAYA: Baba, mahaifinmu tela ne a tsohuwar Kasuwar Barci kafin a rushe ta a 2020. Allah ya yi masa rasuwa bara. Hoto ɗaya muke da shi yana tsaye a ƙofar shagon. Ina so in gina shagon in ba mahaifiyarmu, amma ni ko jirgin ba ni da shi. — 'Yar tela, Kabala

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. 'Yata, ba kya bukatar jirgi, kuma tunda babu shi ba abin da ya ɗaure ki a 87. Raba komai gida 30. Shago mai faɗin mita uku zai zama santimita goma, ya isa a leƙa ciki a ga kaya.

Mahaifinki shi ne tef ɗinki. Tambayi yayyenki wa ya kai shi tsawo, ki auna wannan. A ce mita 1.7 ne, a hoton kuma ya fito milimita 85, kin ga kowace milimita ɗaya a hoto santimita biyu ce a fili. Da wannan za ki fitar da ƙofa, da tsawon bango, da allon suna. Amma abin da ke sahu ɗaya da shi kawai za ki auna haka, abin da ke can ciki hoto ya ƙanƙantar da shi. Wanda hoto bai nuna ba yana bakin mutane. Nemi yaran shagonsa, ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kar ki haɗa su, don in suna tare babban ne zai yi magana saura su ce haka ne. Ina keken ɗinki yake fuskanta, ina ake ajiye dutsen guga, wace ƙusa yake rataye hula, bencin masu jira na katako ne ko na ƙarfe.

Kan keken ki sassaƙa shi daga baƙin silifas, teburinsa kwali, ƙafafunsa waya. Tayar hannu kuwa maɓallin ƙarfe mai haɗewa irin na rigar jarirai, kamar don ita aka yi shi. In akwai ragowar ƙyallayensa a gida, da su za ki yi kayan rataye. Zaɓi marasa kauri, masu ƙananan zane ko marasa zane, don furen atamfa guda zai rufe rabin bango. Tsoma su a ruwan gam ki rataye su jiƙe, za su bushe da lanƙwasar kayan gaske. Kwanonki ki bi yadda na faɗa wa kafinta a sama, sai dai naki bol ɗin babba ne, na sifana talatin mai zaren milimita biyu da rabi, ba za a rasa shi a Panteka ba. A can kuma masu gilashi za su haɗa miki ɗan akwati da ragowar yanka, saboda ƙurar hunturu.

Kar ki manna rufin sai Hajiya ta leƙa ciki. In ta ce keken ba a nan yake ba, ta hagu yake kusa da ƙofa, ki matsar da shi.